Tayar da Komaɗar Tsohuwar Mota: Shawara ga Mai Neman Motarsa ta Farko

Akwai lokacin da matashin da ya kammala jami'a ya kama aikin gwamnati a Nijeriya ba ya jimawa sai an ba shi bashin mota, ya je ya ɗauko sabuwa dal. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, shi kuma Volkswagen ya fara nasa a Legas, kuma cikin 'yan shekaru Fijo 504 da ƙaramar motar nan mai siffar kunkuru suka zama abin hawan malaman makaranta da akawuna. Wannan zamani ya fara gushewa ne tun 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar Naira. Tun da yawancin sassan da ake harhaɗawa daga waje ake sayo su, farashin sabuwar mota ya tashi ya bar albashi a baya. Daga nan ne motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Baljiyam suka mamaye kasuwa.

Yanzu su ma 'yan Kwatanon sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A watan Janairu na 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma a watan da ya biyo baya aka sakar wa kasuwa ragamar Naira. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, litar fetur kuma da ba ta kai Naira 200 ba ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen wannan shekarar. Da yake da dala ake sayo mota, kuma da farashin dala ake lissafin kuɗin fito na kwastan, kowace faɗuwar Naira sau biyu take bugun mai saye. A watan Yuli na 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Bashin banki ma ba mafita ba ne, domin a watan Nuwamba na wannan shekarar Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗorawa.

A cikin wannan hali, ra'ayina shi ne matashin da ke neman motarsa ta farko bai kamata ya ji kunyar sayen tsohuwar ƙaramar mota da ta riga ta yi aiki a cikin ƙasa ba, ya yi mata garambawul a hankali daidai da aljihunsa. Ina nufin irin su Volkswagen Golf ta uku da aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, ko Toyota Starlet da aka daina ƙerawa a 1999, ko Nissan Micra wadda ta zama motar haya ta birnin Ibadan. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai wannan shawara tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya yi watsi da su zai gwammace tafiyar ƙasa.

Dalili na farko shi ne raguwar daraja. Mota takan yi asarar mafi yawan ƙimarta ne a shekarunta na farko, kuma wanda ya fara sayenta shi ke ɗaukar wannan asara. Wadda ta shekara 25 ta riga ta gama faɗuwa, saboda haka idan mai ita ya kula da ita, ranar da zai sayar ba zai yi nisa da abin da ya kashe ba. Dalili na biyu shi ne shan mai. Bari mu yi lissafi na misali. A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 1,000 a wata. Ƙaramar mota mai shan lita 7 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci lita 70, babba mai shan lita 13 kuwa za ta buƙaci lita 130. Idan lita tana Naira 1,000, bambancin ya kama Naira 60,000 kowane wata, wato kusan albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungurungum. Dalili na uku shi ne kayan gyara da masu gyara. Waɗannan motoci sun daɗe a ƙasar nan, kayansu na nan jibge a Ladipo ta Legas, da Nkwo ta Nnewi, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo ta Abuja, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san cikinsu.

To amma cinikin tsohuwar mota yana da wata cuta da masana tattalin arziki suka daɗe da ganewa. A shekarar 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayanin cewa a kasuwar motocin hannu mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye kuwa bai sani ba. Saboda tsoron a cuce shi, mai saye ba ya yarda ya biya kuɗin mota mai kyau. Masu motoci masu kyau sai su ƙi kawo nasu kasuwa, akwaloli su yi yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban dillali yana rantse-rantse a kan motar da aka wanke injinta da safe ya ga wannan da idonsa. Maganin abin shi ne mai saye ya rage jahilcinsa kafin ya biya, kada ya yi cinikin biri a sama.

Abin da za a fara dubawa takardu ne. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin mota dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardun rajista da na kwastan, kuma a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu. Motar sata ko wadda ba a biya mata fito ba, duk kuɗin da aka zuba mata na iya tafiya a shingen bincike guda. Bayan takardu sai shasi. Inji ana sauya shi, giya ana gyara ta, amma motar da tsatsa ta cinye ƙasanta, ko wadda ta yi mummunan haɗari aka yanke aka yi mata walda, ba ta da magani. Haka nan wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu a gareji, gara a bar ta. Mai saye ya tafi da bakanikensa na kansa, wanda ba shi da rabo a la'ada, ya biya shi ladan dubawa ko da ba a yi ciniki ba. A tayar da motar tana da sanyi, a dubi launin hayaƙi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko ruwa ya gauraya da shi.

Ni kaina na koyi wannan darasi da tsada. Motata ta farko Golf ce, kuma saboda ɗoki, duk abin da ya rage mini bayan ciniki na kai wa mai fenti da mai ɗinkin kujeru. Ta fito tana ƙyalli, abokai suna yaba wa. Ba ta cika wata biyu ba bel ɗin da ke daidaita bugun inji ya tsinke a kan hanya, ya lanƙwasa bawul, ta kwanta a gareji har na karɓi albashi uku. Bel ɗin da na ƙi saya bai kai rabin kuɗin fentin ba. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Saboda haka tsarin kashe kuɗi shi ne zuciyar maganar. Kada mutum ya sa duk abin da ya tara a farashin mota. A ganina ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku domin gyaran farko. Abin da ke tsayar da mota shi za a fara gyarawa kafin abin da ke tafiyar da ita: birki da mansa, tayoyi, ƙafafu da sitiyari, fitilu, da bel na ɗaure jiki. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko suna nuna makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, kuma tayar gwanjo da ta tsufa na iya fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba. Daga nan sai inji: baƙin mai da matatarsa, filogi, bel, lagireto da famfon ruwa. Sai wayoyin lantarki, domin tsofaffin wayoyi da aka yi ta ƙullawa suna cikin abubuwan da ke sa mota ta kama da wuta. Fenti da rediyo su zo daga ƙarshe. Kada kuma a manta da inshora ta gaskiya. Daga Janairu 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna Naira 15,000 ga motar gida, tare da diyyar dukiya har Naira miliyan 3. Takardar bogi da ake sayarwa a bakin ofishin lasin ba ta biyan ko kwabo.

Game da sauye-sauye kuwa, ya kamata a bambanta mai amfani da na burga. Manyan ƙafafu masu faɗi suna ƙara shan mai, suna wahalar da ƙafar mota, suna kuma sa agogon gudu ya yi ƙarya. Sauke mota ƙasa-ƙasa a kan hanyoyinmu masu ramuka neman asara ne. Baƙin gilashi yana da dokar da ta hana shi tun 1991 sai da izinin 'yan sanda. Wanda ya sauya launin mota ko injinta kuma sai ya gyara takardunsa a hukumar lasin. Akwai wasu al'adu biyu na garejinmu da suka zama gyaran gangar Auzinawa. Na farko shi ne cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji da sunan wai ƙasarmu da zafi, alhali hakan na hana inji kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai da saurin lalacewa. Na biyu shi ne cire matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake sayarwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, a bar mota tana fesa wa jama'a guba.

Sauyin da ya cancanci a yi masa lissafi da gaske shi ne mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Gas ɗin ya fi fetur araha, amma riba tana ga mai yawan tafiya da ke kusa da tashar cikawa. Tukunyar tana da nauyi, kuma a ƙaramar mota takan cinye kusan duk wurin ajiye kaya. Mafi muhimmanci, ana matsa gas ɗin da ƙarfi ƙwarai, saboda haka tukunyar da aka yi wa walda a gida bam ce. A watan Oktoba na 2024 wata mota mai ɗauke da tukunyar da ba ta inganta ba ta fashe a wata tashar gas a birnin Benin, mutane suka jikkata. Wanda zai yi wannan aiki ya je cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Akwai masu sukar wannan ra'ayi, kuma sukarsu tana da tushe. Suna cewa tsofaffin motoci ba su da kariyar da sababbi ke da ita idan aka yi haɗari, suna gurɓata iska, kuma ƙarfafa amfani da su na karya gwiwar masu harhaɗa motoci na cikin gida irin su Innoson na Nnewi. Maganar kariya gaskiya ce, kuma shi ya sa na ɗora birki da taya a gaba, nake kuma cewa irin wannan mota ta zirga-zirgar cikin gari ce. Amma mu tambayi kanmu, shin matashin nan zaɓinsa tsakanin tsohuwar mota da sabuwa yake? Zaɓinsa na zahiri shi ne ko wannan mota ko ya ɗora matarsa da 'ya'yansa biyu a kan babur. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya tsawwala harajin shigo da mota har kashi 70 cikin ɗari domin kare kamfanonin gida, amma bai samar da sabuwar motar da malamin firamare zai iya saya ba, har daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta harajin. Bugu da ƙari, motar da ake gyarawa ta riga ta shigo, ba a sake fitar da dala domin sayenta, kuma kuɗin aikinta na shiga aljihun bakanike, mai walda, mai fenti, mai faci da yaransu.

Abin da ya rage shi ne hukuma ta ɗauki wannan sana'a da muhimmanci. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta matsa wa masu shigo da jabun birki da gurɓataccen baƙin mai, domin su ne ke mayar da araha asara. Jami'an duba lafiyar motoci na jihohi su riƙa duba motar da gaske kafin su ba da takarda, maimakon karɓar kuɗi kawai. A samar da rajista guda ta ƙasa inda mai saye zai binciki lambar shasi ya san tarihin mota. Gwamnatocin jihohi su haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai wajen horarwa da ba da shaidar ƙwarewa. Hukumar ba da lamuni ga masu saye da aka kafa a 2024 kuma ta duba yiwuwar ba da ƙaramin rance domin gyaran inji da sa tukunyar gas, tun da shi ne bashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya.

Shi kuwa matashi, ya tuna cewa mota ba kadara ba ce mai haihuwa, abin hidima ce mai cin kuɗi kullum. Ya lissafa mai, gyara da takardu na shekara guda kafin ya miƙa wa dillali ko sisi. Idan lissafin ya fi ƙarfin albashinsa, ya ci gaba da adashinsa zuwa baɗi. Idan ya yi daidai, ya sayi ƙarama, ya fara da birki, fentin ya jira.