Raddi Ga Mai Cewa Buɗaɗɗen Takalmi Rashin Kamun Kai Ne A Jami'ar Musulunci

 

Wata takarda ta zaga hannun iyayen yara a Ƙaraye da Rogo a wannan bazarar, wadda ɗaya daga cikin malamanmu ya rubuta. Ba zan ambaci sunansa ba, domin da maganarsa nake, mutuncinsa kuwa yana nan a idona. Abin da yake nema shi ne jami'o'in da aka kafa da sunan Musulunci, inda 'ya'yanmu suke tafiya karatu, irin Al-Qalam ta Katsina da aka buɗe a 2005 da Al-Istiqama ta Sumaila da ta samu lasisi a 2021, su kafa doka: kada ɗalibi ya shiga aji sai da takalmi sau-ciki da safa, mace da namiji, rani da damina. Wanda ya zo da sandal ko silifa a juya shi daga bakin ƙofa. Ya kira wannan cikar suturar shari'a. A kan wannan sunan da ya ba shi ne muka rabu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malam ya fara da cewa bayyanar yatsu da dunduniyar namiji a wurin ilimi tsiraici ne ƙarami. Allah ya gafarta Malam, a wane littafi? Yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa. Ƙafa ba ta ciki, babu mazhabar da ta sa ta. Hasali ma abin da hadisi ya yi gargaɗi a kai shi ne namiji ya saki tufafinsa su wuce idon sawu.

Takalmin da Malam yake so a kora kuma shi ne takalmin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Imam Tirmizi ya ware babi guda a Shama'il a kan siffarsa. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa maɗauri biyu gare shi, waɗanda ake ratsawa tsakanin yatsu. Abdullahi ɗan Umar ya kasance yana sa takalmin jemammiyar fata marar gashi, da aka tambaye shi dalili sai ya ce irinsa ya ga Annabi yana sawa, har yana alwala da shi. Wannan yana cikin Muwaɗɗa Malik. Abdullahi ɗan Mas'ud an san shi a cikin sahabbai da laƙabin mai kula da takalman Annabi. Ahmad al-Maƙƙari, malamin Malikiyya mutumin Tilimsan da ya rasu a 1632, littafi sukutum ya wallafa a kan wannan takalmin, Fathul Muta'al, har da zanen siffarsa. Ko alhajin Rogo da ya ɗaura harami, shari'a ta hana shi huffi, ta ce ya nemi buɗaɗɗen takalmi, in bai samu ba ya yanke huffin ƙasa da idon sawu. Abin da aka umarci namiji ya sa a filin Arfa ba zai zama rashin kunya a ajin nahawu ba.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, don haka zan daɗe a kanta. Malam ya ce ƙafar mace al'aura ce a mazhabar Malik, saboda haka safa da rufaffen takalmi wajibi ne a kanta. Rabin farko na maganar gaskiya ne, ba na ja. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne jikin mace duka al'aura ne a gaban ajnabi in ban da fuska da tafuka. Amma daga "ƙafa al'aura ce" zuwa "safa wajibi ce" akwai tazarar da Malam ya tsallake ba tare da dalili ba.

A duba Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu makarantar zaure a yankinmu da ba a biya ta. Da ya zo bayanin mafi ƙarancin abin da mace za ta yi salla da shi, riga mai kauri ya ambata, doguwa wadda take rufe bayan ƙafafu, da mayafin kai. Bai ambaci safa ba. Asalin wannan fatawar Ummu Salama ce da ke cikin Muwaɗɗa. Ita ce kuma ta tambayi Annabi yadda mata za su yi da lafin tufafinsu, ya ce su saki taƙi ɗaya, ta ce ai ƙafa za ta bayyana, ya ƙara musu zuwa kamu ɗaya. Da safa ko huffi ne maganin, nan ne wurin faɗarsa, kuma huffi sananne ne a Madina a lokacin. Sai ya mayar da aikin rufewa ga tufa. Ɗalibar da ta sa hijabi har ƙasa ko doguwar abaya, ta sa sandal a ƙarƙashi, ta yi abin da mazhaba ta nema. Wadda kuma ta sa siket iya ƙwauri da safa shara-shara mai launin fata, ta cika dokar Malam amma ba ta cika ta Risala ba, don abin da yake nuna fata ba sutura ba ne a wurin malaman fiƙihu. Dokar da za ta kori ta farko ta bar ta biyu, ba shari'a take karewa ba.

Sannan ita kanta mas'alar akwai saɓani a cikinta. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa ƙafar mace ba al'aura ba ce, saboda wahalar ɓoye ta ga mai tafiya, kuma shi ne abin dogaro a littattafan Hanafiyya da dama. Ibn Taimiyya ya rinjayar da wannan a babin salla. Ko a Malikiyya, wadda ta yi salla bayan ƙafarta a buɗe sallarta ba ta ɓaci ba, an so ne kawai ta sake in lokaci bai fita ba. Ni Malikiyya nake bi, 'ya'yana mata ma rufewar nake koya musu. Amma jami'a ba gidan mutum ɗaya ba ce, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littattafan ƙarshen rayuwarsa irin Najmul Ikhwan, ya ja kunnen almajirai a kan tsananta inkari cikin abin da malamai suka yi saɓani. Shi ne kuma a Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yarinyar da ubanta ya sayar da rake ko masara ya biya mata kuɗin zango, a mayar da ita ɗakin kwana ta rasa darasi saboda safa, ina jin tsoron zargin Shehu ya fi kusa da mu fiye da yabonsa.

Akwai takalmin da Alƙur'ani ya fi kusa da magana a kansa, Malam bai taɓo shi ba. Aya ta 31 a Suratun Nur ta hana mata buga ƙafa don a san adon da suke ɓoyewa. Takalmi mai tsini, wanda ake ce wa ƙwas-ƙwas saboda ƙararsa a kan siminti, sau da yawa rufaffe ne ruf. A ma'aunin takardar Malam ya wuce, a ma'aunin ayar kuwa shi ne abin dubawa, tun kafin sandal marar sauti.

Na uku, Malam ya ce zafi ba uzuri ba ne, wutar lahira ta fi zafi. Gaskiya ne ta fi, Allah ya tsare mu. Sai dai wannan magana ana yin ta ne ga mai son barin wajibi, mu kuwa mun nuna babu wajibi a nan. Shari'ar ma da kanta ta lura da zafi: Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin a jinkirta azahar in rana ta tsananta har ta yi sanyi. A ƙasar Kano, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, kuma azahar da la'asar duk a cikin lokacin darasi suke faɗowa. A nan Malam ya shiga tsaka mai wuya. A mazhabar da ya kafa hujja da ita, ba a shafa a kan safar auduga ko ta leda. Muhtasar Halil ya taƙaita shafa ga huffin fata ko safar da aka lulluɓe da fata. Ke nan ɗalibi zai kwance takalmi, ya cire safa, ya wanke ƙafa ya tsettsefe yatsu, ya mayar da ita da danshi cikin safa da rufaffen takalmi, ya zauna awa biyu a ajin da wuta ta ɗauke. Duk ma'aikacin asibiti ya san abin da wannan yake haifarwa: cin ruwa a tsakanin yatsu, da wari, domin ƙwayar cutar gumi da ɗumi take so. Masuntan madatsar ruwan Challawa sun san ciwon nan sarai. In kuma Malam ya ce a bi Hambaliyya a shafa a kan safa, to ya buɗe ƙofar bin wata mazhaba, ba shi da ikon rufe ta a fuskar wadda ta bi Abu Hanifa.

Batun najasa da ya kawo, cewa sandal yana ɗauko ƙazanta, gajere ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi ya cire takalminsa ana cikin salla da Jibrilu ya sanar da shi akwai ƙazanta, sannan ya koyar da cewa mai zuwa masallaci ya duba takalminsa, in ya ga wani abu ya goge da ƙasa. Dubawa aka yi umarni da ita. Ƙasan sau-ciki yana taka abin da ƙasan sandal yake takawa.

Na huɗu, ya ce sau-ciki shi ne kamala, shi ke nuna ɗan jami'a. Kamalar wa? Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa bayan tufafi, takalman fata na cikin manyan kayan da birnin yake ƙerawa yana fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Unguwar Dukawa da majemar Kano sun girmi kowace jami'a a Nijeriya. Alƙalai da limamai da manyan malaman ƙasar nan da babbar riga da rawani da buɗaɗɗen takalmin fata suka yi zamaninsu, har yau kuma haka suke zuwa masallacin Juma'a a Ƙaraye. Baƙin sau-ciki da safa tare da kwat da lakatayi suka zo mana, daga ƙasar sanyi. Ban ce haramun ba ne, tufa ce kamar kowace. Jami'ar Covenant da ke Ota tana tilasta wa ɗalibanta shigar ofis, amma da sunan shigar ofis take kiran ta. Mu ne za mu ɗauki al'adar Ingila mu liƙa mata sunan sunna, mu kori takalmin da baduku ya ɗinka a kan siffar da ta fi kusa da ta Madina? Ga tsada kuma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 iyaye a karkara da ƙyar suke haɗa kuɗin mota da na abinci, balle a ƙara musu nauyin da Allah bai ɗora ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce makaranta tana da ikon kafa dokarta, wanda bai yarda ba ya nemi wata. Ina roƙon Malam ya janye wannan, don makami ne da aka sare mu da shi. Da irin wannan hujjar aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a Disambar 2017 saboda hijabinta, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita. Da ita gwamnatin Legas ta riƙa kare hana hijabi a makarantunta har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2022. A lokacin mun ce doka sai da dalili. Ba za mu canza baki ba don yau alƙalamin yana hannunmu.

Inda dalili yake, ina tare da Malam. Ɗakin gwaje-gwaje mai sinadarai, da asibitin koyarwa, da wurin aikin injuna, a tilasta rufaffen takalmi, don kare ƙafa daga allura da asid da ƙarfe. Silifan banɗaki ma makaranta tana iya hana shiga aji da shi, ta ce tsabta da tsari ne. Abin da ba ta da iko shi ne ta ce Allah ne ya hana, alhali aya ta 116 a Suratun Nahl ta yi kashedi mai tsanani a kan halattawa da haramtawa ba da izininsa ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa sandal haramun ne, ranar da ya buɗe Shama'il ya ga akasin haka, zai fara shakkar sauran abin da muka gaya masa, har da wanda yake gaskiya.

Don haka kirana ga hukumomin jami'o'inmu da iyayen yara na Ƙaraye da Rogo: kada a sa hannu a wannan takarda yadda take. A rubuta cewa tufar ɗaliba ta sauka ta rufe ƙafa, kada ta zama shara-shara ko matsattsiya, a hana takalmi mai ƙara, a ware wuraren haɗari da dokarsu, a bar wa ɗalibai sandal ɗinsu. In Malam yana da nassi ko zancen wani malamin mazhaba da ya wajabta safa a kan wadda rigarta ta riga ta rufe ƙafa, ya kawo littafi da babi, za mu karanta tare. Allah ne mafi sani.