Kafin ka zuba miliyan a na'urar CD, me za ka saka a cikinta?



Makon jiya wani Alhaji ɗan nan Icirnawa, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin rake, ya tare mu a bakin hanya ya miƙo mana salularsa. Hotuna uku ne a ciki: Marantz, Denon, Yamaha, duk na'urorin kunna faifan CD. Ya gama ginin gida, ya shirya salo, yana son ya zauna bayan isha'i ya ji Shata da Ma'azu Ɗan Alalo yadda mahaifinsa ke jin su. Ya ce: "Ku ne 'yan rediyo, ku zaɓa mini mai kyau, kuɗi ba matsala." Samarin fada da ke gefe suka fashe da dariya, ɗaya ya ce: "Alhaji, CD ai ya daɗe da bin kaset lahira. Kawo kart memwar a cika maka da waƙa dubu."

Dariyar nan ta ba mu haushi, kuma ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Amma shi ma Alhajin ba za mu ƙyale shi ba, mu ma 'yan rediyo da namu kason.

Mu fara da masu dariya. Kun san abin da ke cikin kart ɗin nan da kuke taƙama da shi? Lokacin da Sony da Philips suka fito da CD a 1982, sun tsara shi ya auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke cin kilobit 1,411 a daƙiƙa guda. Shi ya sa faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. MP3 da ya zo daga baya dabara ce ta matse waƙa: a zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, don fayil ya yi ƙarami. MP3 mai kilobit 128 kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya na abin da ke kan CD. Idan an matse sau ɗaya daga asali mai kyau, gaskiya ba laifi, da yawanmu ba za mu bambance ba. To amma wace waƙa ce ke iso mana an matse ta sau ɗaya? Wani ya ɗauko ta daga kaset ɗin da ya riga ya gaji, wani ya ɗora mata hoto ya maida ta bidiyo, aka tura ta WhatsApp, wani ya kunna ta a waya ya ɗauka da wata wayar, mai tura waƙa na kasuwa ya sake juya ta, har ya saka muryarsa yana tallar shagonsa a tsakiyar amshi. Abin da ke isowa kunnenka ƙashin waƙa ne, an riga an cinye naman a hanya. Kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani. Kotso da kalangu ba ka raba su. 'Yan amshi sun dunƙule sun zama murya ɗaya mai hanci.

Sai a ɗauki wannan ƙashin a jona da bafil mai fitilu ja da shuɗi, a murɗe shi har ƙarshe. A kwalinsa an rubuta wat 5,000, wani ma 10,000, alhali ɗan batirin da ke cikinsa bai kai na babur ba. Ku duba da kyau, kusa da lambar za ku ga PMPO. Wannan lissafin talla ne. Ƙarfin gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS, kuma sau da yawa ba ma a rubuta shi, don in an rubuta ciniki ya lalace. Mun kai inda in za mu sayi kayan sauti tambayarmu ɗaya ce: yana ƙara? A gidan biki ƙara, a wurin suna ƙara, hatta wa'azi da karatun Alƙur'ani sai an murɗe lasifika har harafi ya fashe, mai sauraro ba ya raba sin da sad. Yaron da ya tashi cikin wannan hayaniya, da me zai gane cewa ana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗauko baiti? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba mu ce kart memwar bai yi rana ba. Ya yi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yau yake cika dandali a Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙinsa suka ƙetare hamada. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya saka ta a wani kundi a 2011. Amma ku lura da abin da ya yi: ya bi sawun mawaƙan ya nemo su, ya biya su, ya buga waƙoƙin a faifan garmaho, wanda mu nan muka daɗe da jefarwa. Mu kuwa da muke cika kart da waƙa dubu, ko dala ba ta isa hannun mai waƙar ko marayunsa. Akwai BNDA a Yamai, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, amma wa ya taɓa tambayar mai tura waƙa takarda? Abin da ya kashe kasuwar faifan fim a Kano ke nan, kowa ya gani da idonsa.

Yanzu kai Alhaji.

Na'urar da ka nuna mana ba ƙarya ba ce, kayan kirki ne. Masu tsada daga cikin irinsu suna wuce yuro 1,000, wato sama da jikka 655 na sefa kafin kuɗin dako da na duwan, wasu ma sun ninka haka sau da yawa. Abin da ake biya a ciki uku ne: injin da ke juya faifan, sashen da ke maida lambobi su zama sauti, da sashen wuta. An yi su don ɗakin da ke rufe, mai sanyi, mai wuta tsayayya. Kai kuma ga inda za ka ajiye ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne da ƙura, ita kuwa na'urar da ɗan ido take karanta faifai, ƙura kaɗan ta hau shi sai ta fara tsalle. Afrilu da Mayu zafi ya haura 40. Wutar yankinmu, Damagaram da Maraɗi, daga Katsina layinta ya taso, kuma ba mu manta ba yadda aka yanke ta a Agustan 2023 aka yi watanni ana fama. Mai kuran yana fama da hawa da sauka, mai panno yana fama da ƙaramin komfatiser da ke sa lasifika gurnani, mai gurup kuwa ƙarar injin ta riga ta cinye daɗin da ya biya. Idan ta lalace, wa zai buɗe ta a Matamaye? Sai ka ɗauke ta zuwa Sabon Gari a Kano, can ma sai an yi sa'ar kayan gyara.

Kuma duk wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce tambayar da muka yi maka a bakin hanya ka yi shiru: faifan yana ina? Ina za ka samu CD na asali na Ɗan Alalo? Abin da za a sayar maka a kasuwa faifai ne da aka ƙona a kwamfuta, daga MP3 ɗin nan dai da samarin fada suke da shi. Na'urar miliyan ba ta maido abin da aka zubar. Abin da za ta yi maka shi ne ta fito da lalacewar fili, ka ji ta da kyau. Ka sayi doki na sarauta ka ɗaura masa mangalar jaki.

In dai sai ka saya, ga shawararmu, kuma ba a kan Marantz ko Denon take ba. Sayi mai matsakaicin kuɗi, wadda ke da ƙofar kile USB kuma take karanta WAV ko FLAC, wato fayil ɗin da ba a zubar da komai a cikinsa ba. Ka tabbata ta 220 ce. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, ka jona su nan su yi hayaƙi. Kuɗin da ya rage ka sa a lasifika biyu na kirki da ampli, don a nan kunne ya fi jin bambanci, sai regilater mai kyau, sai ɗan kabad mai ƙofar gilashi. Lasifikan kada a cusa su a lungu ɗaya, a raba su, su fuskanci inda kake zama. Shi ke nan. Wanda ya ce maka sai ka sayi waya ta jikka 50 don jona su, ka gaishe shi ka wuce.

Sauran kuɗin fa? Nan ne muke son masu hali su saurare mu, kuma nan ne za mu faɗi namu laifin, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

Shekarun baya, a wani gidan rediyo da muka yi aiki, akwai kabad cike da kaset da faifai: makaɗan gargajiya na ƙauyukanmu, waƙoƙin noma da na gayya, zabiyoyi, kirarin 'yan kokawa, hira da tsofaffin da suka ga zamanin Nasara. Da kwamfuta ta zo muka ce mun waye. Aka juya wasu a gaggauce, a matse, don wuri ya isa. Sauran aka tura su ɗakin ajiya, rufi yana yoyo, gara ta samu abinci. Faifan da muka ƙona da kanmu kuwa ba mu san ba su da ƙarko irin na masana'anta ba: wani sinadari ne a jikinsu da zafi da rana ke cinyewa, bayan 'yan shekaru ka saka na'ura ta ce ba ta ga komai ba. Rannan kwamfutar ta mutu da abin da ke cikinta. Bayan haka wata mata ta zo daga ƙauye, ta biya kuɗin mota, ta ce mahaifinta mai gurmi ne, an taɓa ɗaukar sa a nan, ya rasu, tana son jikokinsa su ji muryarsa. Muka duba ko'ina. Mun tuna ranar da aka ɗauke shi, mun tuna har rigar da ya saka. Muryar ce babu. Ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri, ta tafi. Wallahi har yau in muka tuna sai kunya ta rufe mu.

Wannan mai gurmin ba ya YouTube. Shata da ya rasu a 1999 da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 suna da masu adana su a Najeriya, ko ba daɗi za a same su. Malam Maman Barka, ɗan Tesker a nan jiharmu, wanda ya je bakin tafkin Cadi ya koyo kiɗan biram don kada ya ɓace, wani kamfanin Ingila ya buga masa CD a 2009, ya rasu a 2018 ya bar abin da za a ji da kyau. Amma makaɗin gayya na Kance ko Yawuri ko Dan Barto, zabiyar da ta yi wa uwarka waƙa ranar aurenta, limamin da ya yi shekara talatin yana tafsiri a garinku, kwafinsu ɗaya ne a duniya, yana cikin wani kwali a ƙarƙashin gado, kuma kowace bazara zaren kaset ɗin ƙara manne wa yake. Babu Baturen da zai zo ya ceto wannan. In ma ya zo, jikokinmu za su saye shi da yuro.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin na'urar Alhaji ba. Rikoda mai lafiya wadda aka wanke kanta aka sake mata bel, ɗan akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta, faifan ajiya guda biyu, da yaro ɗaya mai haƙuri, don kaset na minti 90 sai ya ci minti 90, ba a gaggauta shi. A ɗauka a WAV, a rubuta sunan mai waƙa da garinsu da shekarar in an sani, a ajiye kwafi ɗaya a rediyo ɗaya a wani wuri daban, a ba iyalan mai waƙar nasu kyauta. Daga wannan asalin sai a matse wa masu kart nasu, sau ɗaya, mai tsabta. Daga shi kuma a ƙona wa Alhaji faifan da zai saka a na'urarsa ya ji abin da ya biya. Muna da mari a kowace kumun, muna da 'yan majalisa da ke raba bafil da tamfol lokacin kamfe, muna da 'yan kasuwa a Kano da Aljeriya da ke gasar gina salo. A cikinsu duka ba a samu mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin wannan ba?

Samarin fada, ku ma ba mu sallame ku ba. Ku ne kuka iya kwamfuta. Maimakon dariya, ku shiga ɗakin kakanninku ku duba abin da ke cikin tsofaffin akwatuna. Wanda ya samu kaset kada ya saka shi a kowace rikoda don gwaji, tsohuwar rikoda tana cin zare. Kada a bar shi a rana, kada a ajiye shi kusa da lasifika, don maganaɗisun da ke ciki yana goge shi. Faifai kuma a riƙe shi ta gefe, in za a share a share daga tsakiya zuwa baki, ban da zagaye.

Shi Alhaji bai ji daɗin amsarmu ba da farko, ya ce shi na'ura ya tambaya muka kawo masa aiki. Jiya da safe sai ga yaronsa a kan babur da kwali biyu na mahaifinsa, an ɗaure da igiyar rama. Mun buɗe na farko. Rabin kaset ɗin ba rubutu a jikinsu, wasu an rubuta da ajami, tawadar ta dushe. Guda uku zarensu ya tsinke, mun ware su gefe sai mun samu abin liƙi. Na biyun ba mu buɗe ba tukuna, muna jiran bel ɗin rikoda daga Damagaram.