Linzami Biyu Ko Huɗu: Inda Wasannin Yaƙi Ke Kauce wa Gaskiya

Masu buga wasan DCS World, wanda ke kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi a kwamfuta, sun daɗe suna wata jayayya da na waje zai ɗauka shirme ce: jirgin F-16 makaman HARM nawa ya kamata a bar shi ya ɗauka, biyu ko huɗu? HARM makami ne mai linzami na Amurka, wanda ke bin siginar rada har ya faɗa kan na'urar da ke fitar da ita. Da shi ake rufe idon masu tsaron sama kafin jiragen da ke ɗauke da bama-bamai su shigo. Masu cewa huɗu suna kafa hujja da cewa akwai wurin rataya su a ƙarƙashin fikafikai. Masu cewa biyu kuwa suna nuna hotunan fagen daga, inda galibi ake ganin jirgin da makamai biyu, wuraren da ke kusa da ciki kuma an rataya musu tankunan mai.

Masu cewa biyu sun fi gaskiya, kuma maganar ba ƙarama ba ce. Abin da jirgi zai iya ɗagawa daban, abin da yake tashi da shi ranar yaƙi daban. Matuƙin da aka tura ya tsare rada aikinsa jira ne, yana shawagi har sai abokan tafiyarsa sun shiga sun fito, kuma jira mai yake ci. Duk makamin da aka ƙara, tanki aka sauke. Wasan da ya ba ɗan wasa makamai huɗu ba tare da ya ɗanɗana masa ƙarancin mai ba, ya ɗauke masa shawarar da ta fi kowace wuya, ta wace rada za a kashe wa makami, wace kuma za a ƙyale.

Akwai kuma batun zamani. Sojan Amurka sun fara wannan farauta ne a Biyetnam, bayan da makamin SA-2 ƙirar Tarayyar Sobiyet ya harbo musu jirgi a watan Yulin 1965. Makaminsu na lokacin, Shrike, bai kai SA-2 nisan zango ba, don haka dole matuƙi ya shiga inda za a iya harbo shi kafin ya saki nasa. Tun a ƙasa ake ɗaura masa kan da ke jin nau'in rada guda, kuma da zarar an kashe radar sai ya ɓace hanya. HARM bai shiga yaƙi ba sai 1986, a kan Libiya. Wanda ya shirya wasan Biyetnam ya ba Shrike halin HARM, ya shafe tsoron da ya mamaye wannan aikin ɗungurungum, komai kyan zanen jirginsa. Kama da wane ba ta wane.

Misali mafi kusa da gida yana arewacin Chadi. A watan Janairun 1987 jiragen Jaguar na Faransa suka nufi sansanin da Libiya ta gina a Wadi Dum, ɗauke da makamin Martel, wanda shi ma tun kafin tashi ake saita shi a kan irin radar da ake nema. A yunƙurin farko radar da ake so ba ta kunnu ba, suka juyo da kayansu. Sai ranar 7 ga watan, da aka tura jiragen Mirage F1 suka tsokani mutanen sansanin har suka kunna na'ura, sannan makami guda ya samu abin bi. Wanda ya sake gina wannan hari a wasa, ya cika fikafikan Jaguar da makaman da ke jin kowace rada, wani yaƙin ya shirya, ba na Wadi Dum ba.

Sai dai wannan labari yana tona asirin masu ƙidaya su ma. Sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. A yi ta musu kan marataya ta huɗu da ta shida, alhali radar da ke cikin wasan tana nan a kunne tamkar fitilar titi, tana jiran a zo a kashe ta. Mutum na gaske ba ya haka. A yaƙin Kosobo na 1999, cikin kwana 78, jiragen ƙungiyar NATO sun harba HARM fiye da 700, amma rukunonin SA-6 ƙalilan ne aka tabbatar an lalata, domin sojan Sabiya kan kunna rada na ɗan lokaci, su kashe, su sauya wuri, su kuma kafa na bogi. Ranar 27 ga Maris ma suka harbo F-117, jirgin da aka ƙera don ya ɓace wa rada, da tsohon makamin SA-3. Wasan da lodinsa ya yi daidai amma abokin gabarsa gaula ne, zai koya wa ɗan wasa cewa makami ɗaya rada ɗaya, abin da Kosobo ta ƙaryata.

Wani zai ce ai wasa ne, a bar mutane su more. Ga wanda ya sayi wasa don ya huta da yamma, babu laifi a ajiye masa maɓallin da zai cika fikafikai yadda ransa ke so, muddin an rubuta a fili cewa ba haka aka yi ba. Amma ba kowane wasa ne ya tsaya a ɗakin samari ba. Command: Modern Operations, wanda ke jera lodin kowane jirgi bisa ƙasa da shekara, yana da wani bugu na musamman da rundunonin soja ke amfani da shi wajen horo da nazari. A can, idan aka ba jirgi makamai huɗu a inda biyu ya saba ɗauka, lissafi zai nuna rabin jiragen da ake buƙata sun wadatar, kuma da wannan lissafin ɗalibin hafsa zai fita daga aji.