Ɗakunan karatu: Makullin sabon ilimi ga masu bincike a Kaduna

Yayin da wayoyin salula masu intanet ke ƙara yaɗuwa a Najeriya, mutane da dama na ganin zamanin ɗakunan karatu ya shuɗe. To sai dai ga masu binciken ilimi a birnin Kaduna, lamarin ba haka yake ba.

Dalili kuwa shi ne, galibin sakamakon sabon bincike, kama daga fannin lafiya zuwa aikin gona, ana fara wallafa shi ne a mujallun masana, waɗanda da yawansu sai an biya kuɗi da dala kafin a karanta su.

Malami ko ɗalibin digiri na biyu da ke zaune a Unguwar Dosa zai iya ganin kanun bincike a wayarsa, amma sau da yawa ba zai kai ga gundarinsa ba sai ta hannun ɗakin karatun da ya yi rajista da masu wallafawa.

Daga kanta zuwa kwamfuta

Wannan matsala dai ba sabuwa ba ce. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kuma jami'o'in ƙasar da dama suka kasa ci gaba da sayo mujallu daga waje.

Hakan ya sa malamai suka shafe shekaru suna dogaro da tsofaffin littattafai, yayin da takwarorinsu na wasu ƙasashe suka yi musu fintinkau.

Al'amura sun fara sauyawa ne a 2002, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI, wanda ya buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun kiwon lafiya ta intanet, kyauta ko kuma da ɗan kuɗi kaɗan. A 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da shirin AGORA.

Abin lura a nan shi ne, cibiyoyi ne ke rajista da waɗannan shirye-shirye, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Ke nan, a wurare irin su Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko na Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, aikin jami'in laburare ya wuce jera littattafai a kanta. Shi ne ke riƙe da lambar shiga, shi ne kuma ke koya wa mai bincike yadda zai tace tsaba daga tsakuwa.

Tsohon rubutu, sabon bincike

Ga masu nazarin tarihi kuwa, sabon abu kan fito ne daga tsohuwar takarda. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, wanda tafiyar 'yan mintoci ce a mota daga Unguwar Dosa, misali ne babba.

An kafa cibiyar ne a 1970 a harabar gidan marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Tana adana rubuce-rubucen Larabci da Ajami, da tsofaffin jaridu da takardun gwamnati, tana kuma shirya laccoci inda masana ke baje kolin abin da suka gano.

Ita da reshen Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, sun daɗe suna jawo masu bincike daga Turai da Amurka.

Sauran rina a kaba

Babban ƙalubale har yanzu shi ne kuɗi. A tsakiyar 2023 gwamnatin tarayya ta bar kasuwa ta yi wa naira farashi, inda dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Duk cibiyar da ke biyan kuɗin mujallu da dala, nauyin da ke kanta ya ninka fiye da sau uku.

Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kan ware kaso domin ɗakunan karatu, amma tallafin ya taƙaita ne ga makarantun gwamnati. Ga kuma matsalar wutar lantarki, wadda kan mayar da ɗakin kwamfutoci kufai da rana tsaka.

Haka nan likita ko injiniyan da ya bar jami'a, yakan rasa damar shiga waɗannan rumbuna, domin ɗakunan karatu na jama'a ba kasafai suke da rajistar ba.

Masu lura da al'amura na ganin cewa, muddin ba a ware wa ɗakunan karatu kuɗin sabunta rajista duk shekara kamar yadda ake ware na gine-gine ba, to masu bincike za su ci gaba da ɓata lokaci da dukiya wajen maimaita aikin da wasu suka riga suka kammala.