Cibiyar Jariri: Maganar Wa Za A Bi?

Duk gidan da aka yi haihuwa a Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa, watau gardamar cibiyar jariri. Kaka ta taso tun daga Arewa don wankan jego, ta ce a gasa cibiya da tsumma mai zafi a shafa man shanu, gama haka aka yi wa uban yaron, ga shi nan da ransa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce makilin ya fi saurin busar da ita. A asibiti kuwa an sallamo maijego da cewa ta sayi sifirit da auduga. Ita dai maijego tana tsakiya, ga ciwon jiki, ga kunyar suruka, ba ta san maganar wa za ta ɗauka ba. Dukansu alheri suke nufi, amma abin da ake gardama a kansa ran ɗan mutum ne.

Cibiyar da aka yanke ɗanyen miki ce, kuma jijiyoyin da ke cikinta sun zarce har cikin jikin jariri. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta nan, sai ta bi jini. Daga nan jariri ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi, wani lokaci ya sanƙare, kafin a ankara an rasa shi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba su kai wata guda ba. Ba dukansu ne cibiya ta kashe ba, amma cutar da ke shiga jini tana cikin manyan dalilai uku, tare da haihuwar bakwaini da wahalar numfashi wajen haihuwa.

To, wace hanya ce ta raba wannan gardama? Hausawa sun riga sun faɗa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da masanan aikin jinya ke kira aiki da hujja ke nan. Ma'anarsa ita ce, kada nas ko ungozoma ta yi wa majiyyaci abu don kawai haka ta tarar ana yi. Ta yi shi don an gwada shi a kan mutane da yawa, an ƙidaya waɗanda suka amfana da waɗanda ba su amfana ba, an kwatanta, an ga sakamako.

An yi irin wannan gwaji a kan cibiya. A gundumar Sarlahi ta ƙasar Nepal, inda a wancan lokaci yawancin mata a gida suke haihuwa, an bi jarirai kimanin 15,000. Waɗansu aka riƙa shafa musu wani maganin kashe ƙwayar cuta mai suna kuloheksidin, waɗansu aka wanke da sabulu, waɗansu kuma aka bar cibiyar a bushe. Da aka buga sakamakon a 2006, an ga mummunar ruɓewar cibiya ta ragu da kashi 75 cikin ɗari ga waɗanda aka shafa wa maganin. Ga waɗanda aka fara shafa wa tun a yinin farko, mutuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2012 aka sami irin wannan labari daga Bangladesh da Pakistan. A lardin Sindh na Pakistan ma, ungozomomin gargajiya aka damƙa wa maganin, kuma mutuwar jarirai ta ragu da kashi 38 cikin ɗari. Saboda haka a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi ga jariran da aka haifa a gida a wuraren da mutuwar jarirai ta yi yawa.

Abin alfahari ne ga mutanen Arewa cewa Jihar Sakkwato ce ta fara rungumar wannan magani a Nijeriya, a 2013, inda aka riƙa kai shi har cikin ƙauyuka. A 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin yaɗa shi ko'ina a ƙasa. Amma har gobe akwai ɗakunan haihuwa da ake sallamar mata da sifirit, alhali gwaji bai nuna ya fi barin cibiya a bushe cikin tsabta ba. Me ya sa? Don babbar nas haka aka koya mata a makaranta shekaru da yawa da suka wuce, ƙaramar kuwa ba ta iya musa wa babba. Ashe al'ada ba a cikin gida kaɗai take ba. Asibiti ma yana da tasa, kuma farin kaya ba ya mai da al'ada ilimi.

Akwai wani darasi kuma. A 2016 an buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda mata da yawa ke haihuwa a asibiti, mutuwar jarirai kuma ba ta kai ta Nepal ba. A can maganin bai rage mutuwa ba. Masana ba su ɓoye wannan ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta, ta ce asali dai a bar cibiya a bushe cikin tsabta, a yi amfani da kuloheksidin a wuraren da aka saba shafa wa cibiya abubuwa masu cutarwa irin su kashin dabbobi. Wani zai ce, to ga shi nan, su ma likitocin yau su ce wannan gobe su ce wancan. Haƙiƙa wannan ita ce martabar aiki da hujja. Wanda ya sake magana don ya ga sabon dalili ya fi wanda ya kafe a kan tasa shekara arba'in. Kuma duk gwaje-gwajen nan sun haɗu a kan abu guda: babu ko ɗaya da ya goyi bayan toka, ko makilin, ko gashi da tsumma.

Sa'an nan hujja idan ta iso rabi da rabi tana iya yin ɓarna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa tun daga 2015 an sami fiye da sau 40, a ƙasashe tara na Afirka, inda aka ɗiga wa yara wannan magani a ido, don an ɗauka maganin ido ne. Waɗansu sun makance. Maganin ya isa hannu, bayanin bai isa kunne ba. Wannan kuwa ya shafi Hausawan Kurmi fiye da kowa, gama sau da yawa nas tana bayani da Turanci ko Yarabanci, maijego tana gyaɗa kai don kunya, ta dawo gida ba ta fahimci kome ba.

Kakanni suna da wata hujja da bai kamata a raina ba. Suna so cibiya ta faɗi kafin ranar suna, kuma gaskiya ne kuloheksidin yakan jinkirta faɗuwarta da kwana ɗaya ko biyu. Amma cibiya mai lafiya tana iya faɗuwa ko yaushe tsakanin kwana biyar zuwa mako biyu, kuma babu malamin da ya ce ba a raɗa suna sai ta faɗi. Idan nas ta yi wa kaka wannan bayani cikin ladabi tun kafin a bar asibiti, da wuya a koma ga gashi.

Abin da ya kamata kowane gida ya riƙe kaɗan ne. A yanke cibiya da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta. Idan an ba da kuloheksidin, a shafa sau ɗaya a yini tun daga ranar haihuwa har kwana bakwai, a kan cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido, kada kuma a haɗa shi da wani abu. Idan gindin cibiya ya yi ja, ko yana ruwa mai wari, ko jariri ya ƙi nono, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Nauyi na farko yana kan ma'aikatan jinya. Majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozomanci a Nijeriya tana neman kowace nas ta halarci kwas na ƙarin ilimi kafin a sabunta mata lasisi. Wajibi ne wannan kwas ya wuce neman takarda. Wadda ta je ta dawo ta zauna da abokan aikinta ta gaya musu abin da ya sake, manyan nas-nas kuma su ba ƙanana damar tambayar dalili ba tare da an ɗauke shi rashin kunya ba. Kowane ɗakin haihuwa ya rubuta ka'ida ɗaya ya liƙa a bango, don kada mai aikin safe ta ce wannan, mai aikin dare ta ce wancan.

Nauyi na biyu yana kan shugabannin jama'a. Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Shagamu da sauran zangogi suna da ikon gayyato nas daga asibitin unguwa ta zo makarantar Islamiyya ta mata, a sami mai fassara, a kuma tabbata ungozomomi da tsofaffi suna zaune a sahun gaba, gama su ne masu riƙon jariri a makon farko. Abin da ya faru a Sindh ya nuna cewa ungozoma, idan an koya mata, tana ceton rai. Haka kuma ya kamata iyaye su bar 'ya'yansu mata su shiga makarantun jinya, don a sami masu yi wa mata bayani da harshensu.

Nauyi na uku na maigida ne. Shi ke sayen ragon suna, shi ke biyan kuɗin motar kaka daga Arewa. Ya ƙara da abu ɗaya: ranar sallama ya tsaya gaban nas, cikin mutunci, ya tambaya me za a sa wa cibiya, sau nawa, kuma don me. Nas ta ƙwarai ba za ta ji haushin wannan tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ba masu jinya ikon riƙe amana.