Daga Bakin Rumfa: Sunan Toyota daban, motar da ke gabanka daban

 

Cikin saƙonnin da suka shigo mini a 'yan makonnin nan, uku magana ɗaya suke yi: ɗaya daga Kumasi, ɗaya daga Garwa, ɗaya daga Maraɗi. Kowannensu ya tara ɗan abin da ya tara yana son sayen mota, wani ta ɗaukar kaya, wani ta iyali, kuma duk an ce musu, "In ba Toyota ba ce, bar kuɗinka a aljihu." Suna tambaya, gaskiya ne ko kuwa zuƙi ta malle ce irin ta dillalai? To, ni ba bakanike ba ne. Ɗan kasuwa ne da ya haura shekara talatin yana bin hanya da kaya, ya sha zama da direbobi a tasha da kan iyaka, ya kuma ɗan karanta tarihin kamfanin. Abin da na sani shi zan faɗa.

Mu 'yan atamfa da shadda sai mu ce kamfanin nan ɗan gidanmu ne, don daga saƙa ya faro. An haifi Sakichi Toyoda a Japan a 1867. Ubansa kafinta ne, uwarsa kuma tana saƙa da hannu. Ya ƙarar da rayuwarsa yana gyara masaƙa, har a 1924 ya kammala injin saƙa mai sarrafa kansa. Abin da ya bambanta wannan inji shi ne, da zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak da kansa. Duk wanda ya taɓa kwance bandir ya tarar da layin aibi tun daga farko har ƙarshe ya san darajar wannan dabara. Gara aiki ya tsaya minti biyu da a saƙa yadi hamsin na asara.

A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, wato Kiichiro, shi kuma hankalinsa na kan mota. A 1933 ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin saƙar, a 1935 suka fitar da motar ɗaukar kaya, a 1936 ƙaramar mota, a 1937 kuma kamfanin mota ya tsaya da ƙafarsa. Sunan gidan Toyoda ne, sunan kamfanin aka mai da shi Toyota. Garin da masana'antar take, Koromo, shi ma a 1959 aka sake masa suna ya koma Toyota.

Kada ka ɗauka tun ran farko suka iya. Motocin kayansu na farko sun yi ta mutuwa a hanya. A 1950 kamfanin ya kusa rufewa: kuɗi sun ƙare, bankuna suka ce sai an rage ma'aikata kafin su ba da bashi, ma'aikata suka yi yajin aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a wannan shekarar ne ya farfaɗo da su, da sojojin Amurka suka yi odar dubban motocin kaya. Kiichiro bai ga arzikin ba, ya rasu a 1952. A 1958 suka kai wata mota mai suna Crown Amurka, ta kasa gudun manyan titunan can, inji yana zafi, dole suka janye ta suka koma gida suka sake lale.

Rashin jari ne ya koya musu sana'a. Ba su da kuɗin da za su jibge kayan haɗa mota a sito kamar manyan kamfanonin Amurka, sai wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya tsara cewa kada a ƙera komai sai lokacin da ake buƙatarsa, kuma daidai yawan da ake buƙata. Mu da muka san zafin kwantai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan suka ɗauko dabarar masaƙar nan suka kai ta masana'antar mota: aka rataya igiya a kan layin aiki, duk ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon ja. In ba a warware abin nan take ba, layi ya tsaya. Kuma ba a wucewa sai an bi diddigi, ana tambayar "me ya jawo?" har sau biyar, sai an kai ga tushe. Daga nan sunan ya fito, ba daga talla ba.

Mu a nan, masu shekaruna sun san zamanin da Fijo ke mulkin hanya, 404 da 504, har aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975. Sannu a hankali Toyota ta karɓe tasha. Land Cruiser ta samu sunanta a 1954, Corolla ta fito a 1966, HiAce da muke kira hayis a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50 a duniya. 'Yan'uwanmu na Cadi kuwa sun san wani abu da ya wuce kasuwa: a 1987, a yaƙinsu da Libiya, sojojin Cadi sun fuskanci tankokin yaƙi da akori-kura ƙirar Toyota a Fada da Wadi Dum, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan motar. Yau kuma tun 2021 ana haɗa Hilux a Tema, ƙasar Gana.

To me masu ita ke cewa? In ka tace maganar direbobi da bakanikai, abu uku za ka samu. Na ɗaya, tana da haƙuri: ta sha rami, ta sha ƙura, ta sha lodin da ya wuce ƙa'ida, gobe da asuba ta tashi. Na biyu, ko'ina an san ta. In hayis ta tsaya maka tsakanin Dosso da Gaya, ko tsakanin Tamale da Bolga, da wuya ka rasa yaron gareji da ya taɓa kwance irinta, da wuya kuma ka rasa kayan gyaranta a gari na gaba. Ga ɗan kasuwa wannan ya fi komai, don kwana biyu a gefen titi da lodin albasa ko tumatir ba ƙaramar asara ba ce. Na uku, tana riƙe kuɗinta. Ranar da kasuwa ta juya maka baya kana neman jari, ba ka kwana da ita a hannu.

Masu ƙorafi su ma suna da tasu. Tsada ce ta farko: kuɗin da zai saya maka tsohuwar Corolla zai iya saya maka wata motar da ta fi ta ƙuruciya da ado. Ɓarayi ma sun san abin da kasuwa ke so, shi ya sa mai Hilux ba ya barci da ido biyu a rufe. Kuma saboda ana neman kayan gyaranta ko'ina, jabu ya cika kasuwa, daga filta har takalmin birki.

Shi kansa kamfanin ba a ce bai taɓa tuntuɓe ba. A 2008 ya zarce General Motors ya zama na ɗaya a duniya, ba a jima ba kuma, a 2009 da 2010, sai da ya kira miliyoyin motoci a dawo da su gyara saboda totur da ke maƙalewa. Shugabansa na lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri, ya amsa cewa sun yi saurin girma fiye da kima. A 2014 suka biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa hukuma da jama'a gaskiyar matsalar. A 2023 aka gano maguɗi a gwajin lafiyar motocin Daihatsu, wanda mallakarsu ne, a 2024 kuma abin ya taɓa wasu motocin Toyota ɗin kanta. Wasu Camry na 2007 zuwa 2009 masu inji 2.4, waɗanda a Najeriya ake kira Muscle, an san su da shan baƙin mai. Wato ko mai igiya, in ya ga ciniki ya buɗe, yakan yi nauyin hannu wajen ja.

Yanzu ga inda nake so masu tambaya su buɗe kunne. Sunan nan da ake yabo na motar da ta fito daga masana'anta ne. Mu kuwa yawancinmu ba sabuwa muke saya ba. 'Yar Kwatano ce, ko ta Lome, ko ta Tema, ko ta Duwala, wadda ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba. Tambarin da ke goshinta ba zai gaya maka ko ta taɓa kifewa ba. Wani maƙwabcin rumfata ya sayi mota tsaf-tsaf, fenti na ƙyalli, bayan wata biyu wayoyinta suka fara hauka. Da aka ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo: ambaliya ce ta shanye ta a can, dillali ya wanke ya fesa turare. Kuɗin gyara ya kusa cin rabin jarinsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da bakanikenka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, ku ga kalar hayaƙi. A leƙa ƙarƙashinta, don motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye musu ƙarfe. A ɗaga kafet, a shinshina. Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke kan mita, ana mai da ita baya. Dubi yadda sitiyari da kujerar direba da fedar birki suka ci. Yawancin motoci suna da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17. In daga Amurka ta zo, sa yaronka mai waya ya bincika lambar a intanet, sau da yawa tarihin haɗari ko ambaliya yakan fito. Ka lura kuma da wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, don ba kowane juyi ake yi da kyau ba, kuma rai ne a ciki. Takardun kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar, ka tabbatar da su kafin kuɗi su bar hannunka.

Sannan ka dubi inda za ta yi aiki. Tsofaffin injinan dizal na Land Cruiser suna haƙuri da man da aka samu. Sababbin kuwa, masu kwamfuta, da masu haɗa fetur da batir irin Prius da ta fara fitowa a 1997, suna son mai mai tsabta da bakanike mai na'ura. In man bumburutu kake sha kuma garejin garinku guduma da sufana ne kawai, to sabuwar yayi wahala za ta zame maka. Bayan ka saya, juyen baƙin mai a kan lokaci da ruwan lagireto su ne rabin rayuwarta. Haƙurin mota ba izini ba ne na a zalunce ta.

Amsata ke nan ga 'yan'uwana uku: yabon da ake yi wa Toyota yana da tushe, sayen nagari kuma mai da kuɗi gida ne. Amma in aka ajiye mini Toyota da ta sha wuya da wata motar daban mai lafiya wadda ake samun kayanta a garinmu, mai lafiyar zan ɗauka. Kuma kada mota ta cinye jari. In bayan ka biya ba za ka iya cika rumfa ba, ƙara haƙuri zuwa baɗi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba lissafin da ke tsakanin mallakar motar kaya da biyan haya. Masu motoci da direbobi, ku aiko mini da abin da kuka gani a hanya. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana hanya.