Malaman Awe Da Sharuɗɗan Digiri Na Biyu: A Kawo Musu Karatu Kusa

Duk wanda ya zauna da mutanen Awe mazauna Kudu, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ya san cewa hirarsu ba ta ƙarewa sai an taɓo maganar gida. A kan tambayi labarin damina, da na kasuwa, da na hanyar da ta taso daga Lafiya ta bi ta Obi ta shiga Awe ta zarce Tunga. Daga nan sai a gangaro kan 'ya'yan da aka baro a gida wurin iyaye da kakanni. Uba yana nan yana fama da dako, ko sayar da goro, ko kasuwar shanu, ko canjin kuɗi, yana aikawa da kuɗin makaranta kowane zango, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito kuwa sai a ce masa yaro ya faɗi Turanci. A Nijeriya kuwa wanda bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya cinye sauran darussa duka.

Hausawa sun ce ilmi gishirin zaman duniya, kuma ba wanda zai koya wa mutumin Awe darajar gishiri, tun da da shi aka san garin, shi da Keana da Azara, tun zamanin fatake. Amma ilmin nan ba ya shiga kan yaro sai ta hannun mutum biyu, watau malamin da ke tsaye a gaban allo, da shugaban makarantar da ke lura da malamin. Saboda haka maganar irin horon da ake ba mutanen nan biyu, da sharuɗɗan da jami'o'i suka gindaya musu kafin su ƙaro ilmi, magana ce da ta shafi aljihun kowane uba da ke ci-rani a Kudu.

Ga dai yadda al'amarin yake. Malamin da ke son yin digiri na biyu a fannin mulkin makarantu, ko kuwa a fannin koyar da Turanci, yawancin jami'o'in ƙasar nan suna neman abubuwa kamar biyar daga gare shi. Na farko, kiredit biyar a jarrabawar fita sakandare, har da Turanci. Na biyu, digirin farko a fannin koyarwa wanda bai gaza daraja ta biyu mataki na ƙasa ba. Idan kuwa digirinsa a wani fanni ne dabam, ko da Turancin ne zalla, sai ya fara yin babbar diflomar koyarwa wadda ake kira PGDE. Na uku, takardar gama bautar ƙasa, ko ta yafewa. Na huɗu, cikakkiyar takardar makin da ya ci a kowane darasi, wadda tsohuwar jami'arsa za ta aika da kanta. Na biyar, shaidar malaman da suka san shi. Bayan an ɗauke shi, sai ya zauna aji ya ci darussa, ya rubuta kundin bincike, sa'an nan ya kare shi a gaban malamai, har da wani da a kan gayyato daga wata jami'a.

Akwai masu cewa sharuɗɗan nan sun yi tsauri, ya kamata a sassauta wa malaman karkara, musamman na wuraren da aka bari a baya wajen boko. Niyyarsu mai kyau ce, amma shawarar ba ta da kyau. Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana abin da gaggawa ke haifarwa. A 1976, sa'ad da Gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara sun cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga ɗibar malamai da ɗan gajeren horo don a toshe giɓi. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa gyara waɗanda aka ɗauka ba shiri. Bayan shekara arba'in da ɗaya, a 2017, Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa, aka sallame su. Wanda bai ci Turanci ba, ba shi da abin da zai ba yaro a darasin Turanci, kuma takardar da aka samu da rangwame ba ta ƙara wa mai ita kome sai matakin albashi. Yaron Awe da yaron Ikko takarda ɗaya suke rubutawa ranar jarrabawa, ba kuwa wanda zai yi wa na Awe rangwame.

To, amma fa a cikin abubuwan da ke tare wa malamin Awe hanya, kaɗan ne suka shafi ƙwaƙwalwarsa. A ɗauki misalin malami a wata sakandare ta Tunga, can bakin kogin Binuwai. Ya yi NCE a Kwalejin Ilmi ta Akwanga, ya daure ya yi digiri a lokutan hutu, yana da mata da 'ya'ya da gona. Duk sharaɗin ilmi ya cika shi. Jami'ar Jihar Nasarawa tana Keffi, watau sai ya ratsa Awe da Obi da Lafiya da Akwanga kafin ya kai, daga wannan kusurwar jiha zuwa waccan. Kuɗin mota da na masauki kowane mako sun isa su cinye abin da zai bar wa iyali. Takardar maki kuwa, wadda ba laifinsa ba ne idan ta makara, tana iya ɗaukar watanni tana yawo daga ofis zuwa ofis har lokacin ɗaukar ɗalibai ya wuce. In ya nemi hutun ƙaro ilmi, shugaban makarantarsa ba zai so ya sa hannu ba, domin in ya tafi babu mai riƙe ajin. Asusun TETFund kuwa, wanda ke biya wa malamai kuɗin digiri na biyu da na uku, na malaman jami'o'i ne da kwalejoji da makarantun fasaha, malamin sakandare ba shi da rabo a ciki. Ta haka ne wanda ke zaune a Keffi ko Lafiya ko gefen Abuja ya kan tara takardu, na ƙauye kuwa ya tsufa a inda yake.

Abin takaici kuma shi ne, ɗan ƙalilan ɗin da suka jure suka samo digirin, da yawansu ba su sake komawa aji. Takardar ta kan zama musu tikitin neman canji zuwa hedkwata a Lafiya, ko neman aiki a wata kwaleji. Ba a ga laifinsu ba, kowa yana son ci gaba, amma ƙarshenta ƙaramar hukumar da ta fi bukatar gwanaye ita ce ta kan rasa su.

Gyaran farko yana hannun jami'o'i. Jami'ar Keffi tana da reshe a Shabu kusa da Lafiya inda take koyar da aikin gona, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka buɗe a 2011. Ya kamata a tsara darussan digiri na biyu na malamai a ranakun Asabar da lokacin dogon hutu a nan Lafiya, yadda malamin Awe da na Keana da na Obi da na Doma za su zo su koma ba tare da sun bar ajinsu ba. Ya kamata kuma jami'o'i su riƙa aika wa juna takardar maki ta kwamfuta cikin ƙayyadaddun kwanaki, a kuma ɗauki ɗalibi da sharaɗi kafin ta iso, tun da ba shi ya riƙe ta ba. Wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga nauyin karatun ba.

Gyara na biyu ya shafi abin da ake koyarwa. Mai digiri na biyu a koyar da Turanci ya kamata a gwada shi a cikin aji na gaskiya, malaman jami'a su zauna a baya su ga yadda yake yi da yara sittin ko saba'in da ba su da littafi, kafin a sa masa hannu. A ƙasar Awe aji guda yana iya haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Alago da ɗan Jukun da ɗan Tibi da ɗan Fulani, kowanne da irin tuntuɓen da harshensa ke sa shi yi a Turanci. Bahaushe ya kan gauraya harafin p da f, wani kuma wahalarsa a wani wuri take. Malamin da bai san wannan ba, bulala kawai zai riƙa ɗagawa. Kundin binciken ma ya kamata a ɗora shi a kan makarantun da malamin ya fito, a bincika abin da ke hana 'yan mata gama sakandare a Azara, ko yadda rikicin manoma da makiyaya ke tarwatsa zangon karatu, a kuma kai kwafi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma don a yi aiki da shi.

Wannan magana ta ƙara nauyi saboda sauyin da aka yi kwanan baya. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa kafin a juya zuwa Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a miƙa wannan har shekara shida na firamare. A watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga tushe. Masana suna ta muhawara a kai, kuma mazauna ƙasar Yarabawa suna da abin tunawa a nan kusa da su. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware a kansa, yaran kuwa ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ko wace hanya Gwamnati ta bi, darasin ɗaya ne: sai da gwanin malamin Turanci. In an ce da Turanci za a koyar da lissafi da kimiyya tun daga aji ɗaya, to, bukatar irin wannan malami ta ninka.

Gyara na uku na Gwamnatin Jihar Nasarawa ne. An daɗe ana naɗa shugaban makaranta bisa ga daɗewa a aiki, wani lokaci ma bisa ga sanayya. Riƙon makaranta kuwa sana'a ce mai zaman kanta: tsara jadawali, da riƙon kuɗi, da duba littafin darasin malamai, da sasanta iyaye, da sanin ranar da malami ya zo da ranar da bai zo ba. Tun 1992 akwai cibiya ta ƙasa a garin Ondo wadda aka kafa musamman don horar da masu tsarawa da mulkin makarantu. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta ware gurabe kowace shekara ga malaman ƙananan hukumomi na nesa, ta ba su hutu da albashinsu, ta tura wanda zai riƙe ajinsu, sa'an nan ta ɗaure su da yarjejeniya a rubuce cewa za su koma makarantun da suka fito su yi wasu shekaru. Dokar 2022 ta ƙara wa malamai wa'adin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, saboda haka ko malami ɗan shekara arba'in da biyar aka horar, Gwamnati za ta daɗe tana cin moriyar kuɗinta.

Saura kuma 'yan Arewa mazauna Kudu su kansu. Ga ƙungiyoyin 'yan gari a kowane zango, ana tara kuɗi don biki da suna da kai gawa gida, kuma duk wannan alheri ne. Sun kuma ga da idonsu yadda ƙungiyoyin Yarabawa da na Ibo suka daɗe suna gina makarantu a garuruwansu suna biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Babu abin da zai hana ƙungiyar mutanen Awe ta Ikko ko ta Badun ta ɗauki nauyin malami guda kowace shekara, a zaɓe shi a gaban Sarki da iyayen yara, ya sa hannu cewa zai dawo ya koyar a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma abin da mutum ɗari za su ajiye a wata ya isa wannan aiki. Haka kuma samarin da aka haifa a Kudu suka tashi da Turanci a bakinsu, suka gama jami'a suna zaune ba aiki, ya kamata iyayensu su nuna musu hanyar PGDE da rajistar Hukumar Malamai ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 1993, su je gida su riƙe alli ko da na 'yan shekaru ne.

Masu zuwa gida da Salla kuma, kada ziyararsu ta tsaya a gaishe-gaishe da kasuwa. Uba ya taka har makarantar ɗansa, ya gaisa da shugaba, ya tambaye shi malamin Turanci nawa gare shi, wace takarda suke da ita, kuma yaushe rabon da a tura ɗayansu ƙaro ilmi. In an dawo Kudu a kawo amsar gaban taron ƙungiya, a rubuta ta a takarda, a aika wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar Awe da Kwamishinan Ilmi a Lafiya. Allah ya sa a gyara, amin.